Barkono a Garin Kunun Yara

Assalamu alaikum Anti Ummukulsum. Don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Lahadi, domin kaina ya ɗau zafi, na kasa zama wuri ɗaya. Ko wannan saƙon sau uku ina farawa ina gogewa.

Ni matar aure ce a cikin garin Daura, wajen Kusugu. Shekara tara ke nan ina sana'a biyu a gida, garin kunun yara da dakakken yaji. Garin kunun na gero ne da alkama da waken suya da gyaɗa da ɗan dabino, in soya kowanne daban, a kai niƙa, in dawo in haɗa. Yajin kuwa irin na masu jego ne, barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba. Da a babbar roba nake haɗawa da hannu, tiya biyar, tiya goma. Yanzu Allah ya buɗa, har masu shiga Nijar ta Kongolam suna sara, matan garin Babban Mutum suna aiko direbobi. Maganar ta koma ta buhuna. Kafaɗata ta dama kuwa ta ce ba da ita ba, akwai ranar da ko kallabi ba na iya ɗaurawa sai na yi ƙwalla.

To shi ne aka ce in sayi injin gauraya gari, kuma a nan aka raba mini hankali biyu. Ƙanin maigidana, Muktar, yana aiki a Kano, ya gano wani ƙaton inji na farin ƙarfe, sai sheƙi yake, yana cin buhu biyar a tashi ɗaya. Mai sayarwa ya rantse masa babu abin da ba ya haɗawa, yaji ne, gari ne, duk ɗaya. Kullum sai Muktar ya turo mini hotonsa a waya, yana cewa Lahadi motar kayansu za ta taso, in dai na amsa a ɗoro shi. A gefe guda kuma ga Malam Badaru, mai walda a unguwarmu, ya ce in bar wahalar da kaina, zai ƙera mini ganga mai juyawa, biyu ma in ina so, wadda ko da ƙaramin janareta za ta tashi. Maigida ya ce sana'ata ce, shi ba ruwansa, amma duk wanda ya kalli fuskarsa ya san tana wajen ƙaninsa. In na tashi da safe ina tare da Muktar, kafin azahar na koma wajen Malam Badaru, da la'asar in ce a bar ni da robata.

Anti, gaskiya duk wannan ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har maigida.

Gab da azumin da ya wuce aiki ya yi mini yawa, sai na kai kayana wurin wani mai injin haya a bakin kasuwa. Da safe na zuba yaji, da ya fita na share cikin injin da tsintsiya, na bi da tsumma, na ga ya yi fes, na zuba garin kunu. Ba wanda ya sa ni, sauri ne kawai. Washegari maƙwabciyata Haulatu, wadda tare muka yi makarantar allo, ta aiko aka karɓar mata leda ɗaya don ɗanta Anwar, ɗan wata bakwai, ranar ce ma za ta fara ba shi kunu. Can sai ga ta hankali tashe, yaron yana ta tsala ihu, leɓensa ya yi ja, ya ƙi nono ya ƙi komai. Ni kuwa bakina ya riga ni, na ce mata haƙori ne, kowane yaro haka yake yi. Bayan ta fita na dama garin na kai bakina. Anti, sai da maƙogwarona ya yi raɗaɗi, ni babba ke nan.

Na bi gida-gida na karɓo ledojin, na ce bakinsu ne bai liƙu da kyau ba, na sauya wa kowa, har ita. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe yaron bai manta ba. Har yau in ya hangi cokali sai ya damƙe baki ya kau da kai. Ya rame, wuyansa ya fito. Haulatu tana ta sayo masa magungunan haƙori, tana zargin kanta, wai ko ita ce ba ta iya raino ba. Abin da ya fi ci mini rai, jiya a gidan suna na ji ta da kunnena tana yaba garina a gaban mata, tana cewa duk Daura babu mai tsabtata. Na rasa inda zan sa fuskata, na bar abincin na fito.

Yanzu duk injin da na kalla barkono nake gani a ciki. Wanne zan ɗauka wanda ba zai sake ja mini wannan ba? In na ƙi na Muktar na watsa masa ƙasa a ido, in na karɓa ina tsoro. Ita kuma Haulatu, in bar abin ya wuce tunda na sauya garin, ko yaya?

Taki, Mai Garin Kunu, Daura.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ki ɗan zauna ki huta, maganar inji mai sauƙi ce. Ki tuna gidan da kika tashi. Na tabbata turmi biyu ne a ciki, na yaji daban, na fura daban, kuma ranar da wata ta kuskura ta haɗa su sai tsohuwar gidan ta yi kwana uku tana mita. Ba don turmi yana araha suke ajiye biyu ba. Sun san barkono ba ya fita da shara. A inji ma ya fi samun maɓoya: bakin walda, gindin sandar da ke juyawa, ƙofar da gari ke zuba. Duk wanda ya rantse miki inji ɗaya zai yi yaji ya yi abincin jarirai, ki yi masa godiya ki wuce.

Muktar bai yi laifi ba. Ya ga kafaɗarki tana neman tashi aiki, kuma ya yi daidai da ya nemi farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, shi ya dace da abincin yara. Inda ya zarce shi ne girma. Injin buhu biyar in an zuba masa buhu ɗaya ba ya haɗawa da kyau, kuma irinsu galibi wutar masana'antu suke so, ba ta gida ba. Malam Badaru shi ma yana da gaskiyarsa: yana kusa, in abu ya lalace da ƙafa za ki je. Sai dai baƙin ƙarfe yana tsatsa, fenti yana ɓarewa, kuma garin da ke da gyaɗa yana da maiƙo, in ganga ta yi ta juya shi dunƙulewa zai yi.

Don haka ki raba musu aikin. Yaji busasshe ne, gangar Malam Badaru ta ishe shi, da sharaɗin cikinta ya zama farin ƙarfe sumul, ba fenti. Garin kunu kuwa Muktar ya nemo miki ƙarami, mai kwance, mai fukafukai a ciki da ke fasa dunƙule, wanda murfinsa ke buɗewa gaba ɗaya hannunki ya kai kowane lungu. Kada ki saya daga hoto. Ki je Kano da garinki, ki barbaɗa ɗan garin zoɓo a kai, a kunna, sannan ki ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa ki gani ko launin ya zo ɗaya. Ki tambayi wutar da yake ci, da wanda zai gyara shi a Daura. Rariya da ludayi da ɗaki ma kowanne da nasa. Motar Lahadi ta taso abinta, ba ita ce ta ƙarshe ba. Ki gaya wa Muktar ainihin dalili, zai fahimta.

Amma kafin Kano, gidan Haulatu. A nan ba zan sassauta miki ba. Kuskuren inji na sauri ne, kowa yana iya yi. Maganar haƙori kuwa tana nan tana aiki: yaro yana shan maganin ciwon da ba shi da shi, uwa tana tuhumar kanta a kan laifin da ba nata ba. Ki je yau, ke kaɗai, ki faɗa mata yadda kika faɗa mini. Ta ajiye magungunan nan, ku kai shi asibiti tare, a gaya musu gaskiyar abin da ya sa yake gudun cokali, su nuna mata yadda za ta lallaɓa shi ya koma cin abinci.

Tana iya fushi, tana iya faɗa wa mata, ciniki yana iya ja baya na ɗan lokaci. Ban ce ba zai yi zafi ba. Amma sunan da kike tsoron ya ɓaci, yanzu haka jaririn nan ne yake biyan kuɗin tsare miki shi da jikinsa, kuma na san ba za ki iya ci gaba da kallon haka ba, shi ya sa kika rubuto.

Allah ya ba Anwar lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ke kuma ya ba ki ƙarfin taka ƙofar gidan nan.

Anti Ummukulsum