Garin da Auta Ta Bari

Zuwa ga Maman Auta, sanyin idanuna, inuwar da na fake a cikinta tun ina saurayi, rijiyar da ba ta taɓa ƙafe mini ba ko a shekarar fari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a gidan yayarki. Na zaɓi rubutu domin a gabanki harshena nauyi yake yi.

Ranar da kika tafi, kin iske ni a ɗakin Auta da safe, gaban kwamfutarta. Kika ce, "Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, kai kana wasa?" Ban amsa ba. Ga amsar.

Wasan ba na harbi ba ne. Gari ne da yaƙi ya rusa, aikin mai wasa kuma shi ne gyara. Ana kwashe ɓaraguzai da baro, a tono nakiyoyi, a share gilasai, a haɗa bututun ruwa. Idan unguwa ta gyaru, sai masu gudun hijira su dawo da kayansu a ka. Watannin da ciwo ya kwantar da Auta, da wannan wasa ta cika su. Kin tuna yammar da ta sa muka zauna a bakin gadonta, ta miƙa mini abin sarrafawa? Na tura baro cikin rami. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Baba, kai da kake koya wa mutane ginin gada, baro ya gagare ka!" Ke ma kika yi dariya, kina goge mata baki da gefen mayafinki. Ban sake jin dariyarku tare ba.

Abin da ba ki sani ba shi ne, garin ba ya jira. Idan aka bar shi, ciyawa takan rufe titi, famfo ya toshe, mutanen su sake ɗaure kayansu su fice. Na buɗe shi ne kawai in ga aikin hannunta, sai na tarar da iyali guda a bakin hanya, suna shirin tafiya. Na san zane ne da lissafi, ai sana'ata ce. Amma yaya zan zuba ido a watse daga inda 'yata ta tara jama'a? Tun ranar nake shara a garin kafin in tafi aji. Ban ƙara ko bulo ɗaya ba. Makarantar da ta fara tana nan babu rufi, yadda ta bar ta.

Ya hasken gidana! Ke kina kuka da idanu, ni ina yi da tsintsiya, amma rashin ɗaya ne. Gidan nan ya koma kamar gulbin da ruwa ya janye, sai yashi da sawun abin da ya wuce. Wa zan kira da sunanta in ba ke ba? Na rasa 'ya bisa hukuncin Allah, na kuma yi haƙuri. Kada in rasa uwarta saboda shiruna.

Ki dawo ki gani da idonki. Idan kin gani kika ce a kashe, ba zan yi musu ba. Roƙona ɗaya, kada in kashe shi ni kaɗai.

Naki, a gidanki, har ranar da za a kai ni kusa da ita,

Baban Auta