Ba Za Mu Sayar da Kwalekwalen Ba

Ras Al Khor, Dubai
17 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga Yaya Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Yawuri. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙaninka yana cin abinci sosai, bakinsa ya fara saki, kamfanin katakon kuma bai sallame shi ba, an mayar da shi sito yana kula da kaya a zaune. Hannun dama ne dai har yanzu bai dawo ba.

Yaya, na ji saƙonka ta bakin Ibrahim da ya dawo daga gida, cewa a sayar da kwalekwalen da ƙaninka ya sassaƙa, a kawo shi gida ya huta, wai mai shanyewar ɓarin jiki ba shi da harka da ruwa. Ban taɓa musa maka ba tun da aka kawo ni gidanku, amma wannan karon ka yi haƙuri. Ba za mu sayar ba.

Kai ba ka ga yadda ya zama ba bayan an sallamo mu daga asibiti. Wata biyu yana kallon bango, ko 'yarmu Fatima ta hau cinyarsa ba ya kula ta. Wata Juma'a na gaji, na ce yalla, wato tashi mu je, na tari tasi na kai shi bayan kamfani inda kwalekwalen ke kife kan tayoyi. Shekara uku ya yi yana haɗa shi da ragowar katako, saura sandar tsakiya da igiyoyi da shira'i, wato babban ƙyallen da ke kama iska. Ya daɗe yana shafa jikin kwalekwalen, sannan ya nemi fensir, ya soma zane da hagu a jikin kwali. Ran nan ya fara yi mini maganar da ta wuce kalma biyu.

Abokin aikinsa Mujeeb, mutumin Indiya da ya san jiragen Larabawa, ya ce a yi shira'i mai kusurwa uku irin nasu. Da na tambaya, sai ya ce juya irin wannan sai mutum biyu masu ƙarfi. Na ce masa khalas, shi ke nan, ba shi muke so ba. Mun tsaya kan ƙarami mai kusurwa huɗu, aka rage tsawon sandar da kamu biyu don kada iska ta rinjaye shi. Igiyar ɗagawa da ta sassautawa duk za su biyo ta gefen hagu, su ƙare daidai inda zai zauna, kowace da ƙugiyar da za ta riƙe ta in ya saki. Sandar tuƙi kuma a hammata zai matse ta.

Ɗinkin ni na yi. Shekara shida ina ɗinka labule a masana'anta, ban ga abin da zai sa ƙyalle ya gagare ni ba. Allura huɗu na karya kafin na gane sai na shafa wa zaren kakin zuma.

Ba zan ɓoye maka ba, gwajin farko bai yi kyau ba. A tudu muka kafa sandar, iska ta fizgi igiyar, ta yanke masa tafin hannu, ya faɗi daga kan benci. Masu gadi suka taru suna cewa haram, wato abin tausayi, a mai da shi gida. Na ga idonsa ya ciko. Ban ɗaga shi ba, Yaya, duk da zuciyata kamar ta fashe. Na ce masa igiyar ce siririya, ba shi ne ya kasa ba. Muka sayo mai kauri, na yi mata ƙulli-ƙulli, na ɗinka masa safar hannu ta fata. Juma'ar da ta wuce shi kaɗai ya ɗaga shira'in har ƙololuwa, ya ɗaure, ya juyo yana yi wa Mujeeb tsiya cewa Basarke ba a koya masa ruwa.

Likitansa ya yarda, da sharaɗin rigar hana nutsewa da mutum a kusa. Da zarar takardar izini ta fito za mu saka shi a ruwa, inshallah. Mujeeb zai bi mu a jirgin inji. Mutumin da zai zauna kusa da ƙaninka kuwa ni ce, ni 'yar Zariya da ban taɓa shiga ko kududdufi ba. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma zan shiga. In akwai mai faɗa a gida, ya yi da ni, kada a kira shi a waya a karya masa gwiwa.

A gaishe da Inna, da Yaya Asabe, da Kawu Ɗanladi da yara. Fatima tana gaishe ku. Addu'arku muke nema.

Taka mai biyayya a komai in ban da wannan,
Halima Sa'adiya