Gaisuwar da Dogo Ke Gudu

Zuwa ga ƙanwata, uwar Dogo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan ƙalau, in ban da gwiwata, wadda yanzu sai na nemi izininta kafin in miƙe.

Tun bara nake jin wata magana, wai ɗanki Dogo, da ke zaune a wurina, ya daina bin titinmu, yana zagayawa ta lungun baya don kada ya gaida mutane. Tela ya ce girman kai ne, mai wanki ya ce ƙwaya ce. Na ce ƙarya suke, yaron da ko akuya ya gani sai ya yi mata sannu? Kin dai san tun da aka rufe kamfanin robobi aka sallame su bai huta da nema ba. Amma rigar da yake gogewa kullum tana nan rataye a ƙusa har kafaɗarta ta yi ƙura, kwanonsa kuma yakan dawo daga ɗaki ko murfin ba a ɗaga ba. Duk na gani, na ɗauka shagwaɓar 'yan zamani ce. Ashe ciwon da ba ya jini shi ya fi wuyar jinya.

Abin da ke korarsa, ƙanwata, gaisuwarmu ce. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi, duk wanda ya gan shi sai ya tambaye shi ya aiki, shi kuma dole ya amsa da godiya. Mu a bakinmu ba ta fi tari nauyi ba, shi kuwa kowace ɗaya kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Kuma bencina ne na farko a hanyar, gaisuwata ke fara samunsa.

Saboda haka in kin kira shi, kada ki tambayi ko an dace. Tambaye shi tattabarunsa, da su kaɗai yake hira yanzu. In da hali kuma ki zo, don ya fara cewa da shi da babu duk ɗaya.

Ki gaida Gwaggo da Auta da amaryarsa. Uwargidana tana gaishe ki.

Naki,
Yaya Babba

Af, za ki so sanin wanda a ƙarshe ya faɗa mini zancen gaisuwar nan. Jiya ne, yana watsa wa tattabaru hatsi, bai ko ɗago kai ba, ya roƙe ni daga yau in riƙa tsayawa a ina kwana kawai, ban da ya aiki. Dogo ne da kansa.