Inda Ƙasar Gonar Baba Take Zuwa

Daren Laraba, watan Agusta, Gusau.

Na dawo daga Rawayya jikina duk ya mutu. Ruwan jiya ya ƙara yage kwazazzabon gonar Baba, ya cinye kunyoyin geron da ke bakinsa. Mun wuni muna jera buhunan yashi, alhali na san ba za su hana komai ba. Zaizayar ƙasa ce darasin da nake koya wa ɗalibaina kullum.

Muna cikin aikin Baba ya tambaye ni ina ƙasar gonarsa take zuwa. Na ce rafi ke kai ta gulbi, gulbi ya miƙa wa kogin Kwara, Kwara ta jibge ta a bakin teku.

Ya ce, "To, mutanen can suna shuka a kanta?"

Na ce, "A'a Baba, tana ƙarƙashin ruwa."

Ya sunkuya ya ɗauki wani buhun. Ina ma a ce ƙarya na yi masa.