Dilo a kan gilashin ruwan zafi

Tasawa, Janbiye 1985

Zuwa ga ƙanena Cha'ibu,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ladi da yara, Allah ya tsare ku da zazzaɓin Abijan, ya sa albarka a nemanku. Mu nan mun gode Allah. Uwargida Zara'u ƙafar ta yi sauƙi, yara sun koma lakwal, makarantar boko, sanyi kuwa bana ya zo da niyyarsa.

To, gyara zama, don abin da zan faɗa maka ya kamata a ce an busa masa kakakin soja a rediyo kafin a karanta shi: ana sanar da 'yan ƙasa na ciki da na waje cewa dush ɗin wanka na gidan darektan lakwal Abdussalamu ya daina ba da ruwan zafi. Ka san shi, akwatin nan mai gilashi da tiyo baƙi a ciki da na sa aka ɗora mini bisa soro shekara huɗu da suka wuce, rana ta dafa ruwan, ni in tsaya ƙarƙashi kamar wani gwamna. Ka yi mini dariya lokacin, ka ce mutumin da ya girma yana wanka da ƙwarya ya waye.

Ranar da abin ya fara, na buɗe famfo da safe ruwa ya sauko mini a ƙeya kamar daga randa. Na yi ƙara har Zara'u ta zaci kunama ce. Daga nan na shiga bincike irin na masu ilimi. Na ɗauko ɗan littafin Faransanci da ya zo da akwatin na karance shi sau biyu. Na kwance kan dush ɗin na jiƙa shi a ruwan tsami ko gishirin ruwa ne ya toshe shi. Na bi tiyo da hannu daga bayi har inda ya shige bango, ban ga ɗigo ba. Na murɗa wancan, na ƙwanƙwasa wannan, na kasa kunne. Kwana tara ina wannan aiki, kuma a kwana taran nan ban taka matakalar da ke bayan madafa ba, wadda ba ta fi taki goma sha biyu ba. Littafin bai ce a hau ba.

Duk wannan Yaya Habsatu tana gidan. Ta zo daga garinmu Hawandawaki da buhu biyu a amalanke, ta ce ganin gida ta zo. Na tambaye ta mutanen gida, ta ce lafiya lau, na tambayi lafiyar Gwaggo, ta ce tana gaishe ni. Ni kuma na karɓi wannan lafiya lau kamar rahoton likita. A gabanta na riƙa mita wajen cin tuwo, ina cewa a gidan nan akwai mai ɓarnar ruwa, kuma mutum ya yi wa ƙasa aiki shekara ashirin da biyar amma wankan kirki ya gagare shi. Ta sunkuyar da kai. Zara'u ta yi ta watsa mini harara, na ɗauka ciwon ƙafar ne.

Da na gaji na kira Jibo mai gyaran famfo. Ya hau soron, bai yi minti biyu ba ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ce shi bai ga abin gyara ba, gara Mushe darekta, wato ni, ya hau da kansa ya duba. Na ce masa in da ni zan hau me ya sa na kira shi, har na ƙara da cewa gyaransa na baki ne. Ya yi murmushi ya ɗauki jakarsa, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Don in ƙaryata shi na hau. Cha'ibu, tabarma na tarar an shimfiɗa a kan gilashin, an danne gefunanta da duwatsu, an baza dilo a kai yana bushewa. 'Ya'yan anza, waɗanda muka ci a yunwar saba'in da uku har muka rantse ba za mu ƙara kallonsu ba. Tun kafin in gane da ido hancina ya gane. Na daɗe a tsaye a wurin, don ban san da wace fuska zan sauko ba.

Na same ta a bayan madafa tana sauya ruwa a wasu tukwane uku da na sha wucewa ban buɗe ba. Tana ganina ta fara ba ni haƙuri, wai ta ɓata mini wanka, ba ta san gilashin ne ke dafa ruwan ba, ta ga dai nan ne rana ta fi zafi kuma awaki ba sa kaiwa, baƙina ma ba za su gani su ce a gidan darekta ana cin anza ba. Sannan ta faɗa mini sauran. Rumbu ya ƙare tun kafin sanyi. Na Allah, mijinta, ya tafi Kano ci-rani, wata biyu ba labari. Rijiyar garin ta ja baya, sai mace ta wuni ta sami tulu ɗaya, ga dilo kuwa sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Shi ya sa ta kwaso shi ta kawo inda akwai famfo, ta wanke, ta busar, ta koma wa Gwaggo da yara biyar da shi. Na ce don me ba ta gaya mini ba. Ta ce ai na tambaye ta a tsaye ne, da littafi a hannu.

Gobe in Allah ya yarda zan bi motar kasuwa da buhun hatsin da ke ɗakina, in dawo da Gwaggo da yaran su zauna nan har damina. Yaya ta ƙi a zubar da dilon, ta ce akwai maƙwabta a can masu buƙatarsa, don haka tabarma na nan inda take, ni nake hawa in juya shi da rana. Jibo na je har rumfarsa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya dai so in gani da idona. Kai kuma rediyo mai kaset ɗin da na roƙe ka, bar shi. Abin da ka tanada dominsa ka aiko a sayi hatsi, kuma in kana da wanda ya san Kano, a nemo mana labarin Na Allah.

Ka gaida Ladi, da Talle, da 'yar autarku Sa'a, da Malam Isufu maƙwabcinku. Zara'u da Yaya suna gaishe ku. A takardar da na aiko maka bayan kaka na ce kada ka damu, mutanen gida lafiya suke. Ban je na gani ba na rubuta. Na yi kuskure, ka yafe mini.

Yayanka,
Abdussalamu