Takardar Auta Da Na Ture

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, ɗakin ƙarami ne amma akwai taga.

Kin tambayi aikin da Autarmu ta nema a ofishinmu. Ba a ɗauke ta ba, kuma ni ne sanadi. Ranar Talata shugabata ta ba ni takardun masu neman aikin guda arba'in da ɗaya, an rufe sunaye, ta ce in zaɓo goma. Ba ta ƙara komai ba. Duk wadda na ga sunan makarantar can gida a kanta sai in ture gefe, raina yana cewa waɗanda suka yi karatu a nan sun fi ƙwarewa. Tara na ture a kan haka. Da aka buɗe sunaye ranar Alhamis, ta Auta tana ciki.

Yaya, a kan wannan fa na rubuta kundin digirina: yadda masu ƙarfi ke mulki ba da bulala ba, sai na ƙasa ya karɓi ma'auninsu da hannu biyu, yana auna kansa da shi. Shafi tamanin da shida na rubuta, ina zaton wasu nake nufi.

Na roƙi a sake dubawa. Shugabata ta yi murmushi ta ce, "Ai zaɓinka ya yi kyau, me za a gyara?"

Kada ki gaya wa Auta, ni zan kira ta. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kar ki faɗi dalili.

Ƙaninki.