Na Ga Mai Shan Jini da Idona

Inna,

Ina gaishe ku da kyau. Ya jikin Auta? Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sanyin ɗakin gwaji ne kawai ya tsattsage min hannu, kuma na fara sabawa.

Inna, jiya na ga abin mamaki. Shugabarmu ta ɗebi jinina kaɗan, ta rina jajayen ƙwayoyinsa, ta zuba su a ɗan faranti tare da ƙwayoyin da ake kira sojojin jiki. Muka sa a ɗumi, muka jira, sannan na wanke jajayen da sojojin ba su cinye ba. Da na leƙa madubin da ke ƙara girman abu, sai ga soja ya haɗiye uku, ciki ya yi tulu kamar Yaya bayan tashi daga kwano. Shugabar ta yi dariya ta ce, "To, ƙirga min masu ƙoshi."

Ta ce akwai ciwon da jiki ke cin jinin kansa haka. Don Allah ku kai Auta asibiti a gwada ta.

Sannan ki daure ki je ki gaida Gwaggo. Ki daina sauraron masu cewa ita ke shanye jinin Auta. Na ga mai shan jini, Inna, kuma ko kaɗan bai yi kama da ita ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki na nesa.